Minsharin Marigayi

Daren farko da na kwana a gidan tsohuwar nan a birnin Leicester na Ingila, ban runtsa ba. Sanyi ya yi nasa ƙoƙarin, amma ba shi ya hana ni barci ba. Minshari ne ke ratso bango. Yakan fara a hankali kamar babur ɗin da ya ƙi tashi, ya yi ta hawa har ya kai injin niƙa da aka ɗura wa jiƙaƙƙiyar masara, sai ya yanke ɗif. Ka ƙirga ɗaya, biyu, har takwas, ka fara cewa Allah ya ji ƙan musulmi, sai ya dawo da wani gurnani kamar ana jan tebur a kan siminti.

A watan Satumba na 2021 ne, na je karatun digiri na biyu. Ɗakin ya yi arha har na riƙa yi wa kaina kirarin iya ciniki. Kafin asuba na tuna cewa araha ba ta ado.

Da gari ya waye na ga wata ƙatuwar kwat ta maza da hula a rataye bakin ƙofa, ga kuma hotunan wani dattijo mai tumbi sun cika falo. Na ce to, ga mai injin. Da na ga kwana uku bai sauko ba, sai na yanke cewa jinya yake yi. Mu kuwa ba a yi mana tarbiyyar wuce mara lafiya ba tare da tambaya ba, don haka kullum da safe sai na ɗan rusuna na ce, "Madam, ya jikin maigida?" Ta yi murmushi ta ce yana hutawa. A raina na ce dole ya huta, mutumin da ya kwana yana niƙa.

Karen gidan kuwa tun ranar farko na gan shi. Ɗan dunƙule ne, da ƙyar zai haura kilo tara, fuska a lotse kamar ya yi karo da bango a guje, idanu a waje irin na kwaɗo, wutsiya a nannaɗe kamar alkaki. Pug ake ce wa irinsu. Ni a gidan da na tashi kare ko zaure bai isa ya shiga ba, saboda haka muka yi yarjejeniya da Madam: shi da ɗakina sai kallo daga nesa. Ban taɓa sa shi a lissafin minsharin ba. Wa zai ji rurin bijimi ya je ya binciki ɗan tsako?

Mako uku na yi ina gyangyaɗi a aji. Ran nan na gaji, na shirya Turancina tun a bene, na same ta a kicin. Na yi ta kewaye-kewaye irin namu, na yaba gidan, na yaba shayinta, sannan na ce ko za a ɗan juya maigida ya riƙa kwanciya ta gefe, don an ce yana rage minshari.

Ta ajiye kofi. Ta kalle ni. Ta ce mijinta ya shekara shida da rasuwa. Ta nuna wata 'yar tukunya mai murfi a kan kantar falo, ta ce ga shi can. Ƙona gawarsa aka yi, tokar ce a ciki. Wannan tukunyar, jama'a, ita ce nake jingina makullina a jikinta kowace yamma, ina zaton ta turaren wuta ce.

Ban tsaya jin sauran bayani ba. Tana kirana, ina hawa bene uku-uku. Na kulle ƙofa na buga wa Inna waya. Ta saurare ni tsaf ta ce, "Kai ɗan nan, mamaci ba ya minshari. Mutanen ɓoye ne, gidan da aka ajiye toka ai dole su samu wurin zama." Ta lissafa mini Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi ƙafa uku-uku, ta ce kuma in turara ɗakin da abin da ta ƙulla mini a akwati.

Ƙarfe biyun dare injin ya tashi. Na yi addu'o'ina, na kunna gawayin shisha da na sayo a shagon wani Basomale, na barbaɗa turaren Inna. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne, wannan farin faifan da ke manne a silin na'urar gano hayaƙi ce. Ta ƙwala ihu. Ta falo ta amsa. Madam ta fito da rigar barci da tocila, maƙwabci ya leƙo ta taga, ni kuma ina tsaye bisa kujera da jallabiya ina yi wa silin fifita da littafin darasi. Minsharin dai ya tsaya, wannan kam turaren ya yi aiki.

Da ƙura ta lafa, muna tsaye a bakin bene ina ba da haƙuri, sai karen ya zo ya kwanta tsakaninmu, ya ɗora haɓa a kan matakala, ya lumshe ido. Ko minti biyu ba a yi ba babur ya fara ƙin tashi. Na kalli karen, na kalli Madam. Ta ce ai abin da take son gaya mini ke nan da safe na gudu. Gadonsa yana jikin bangon da kaina yake. Daga ranar na raɗa masa suna Injin Niƙa, na kuma sayi abin toshe kunne.

Da a nan labarin ya ƙare da na ji daɗi.

A watan Yulin 2022 zafi ya sauka a Ingila irin wanda ba su taɓa gani ba. Hukumar hasashen yanayi ta fitar da jan gargaɗi na zafi a karon farko, aka soke jiragen ƙasa da dama, kuma ranar 19 ga wata aka auna digiri 40.3 a garin Coningsby. Ni ɗan Sakkwato dariya kawai nake yi, wannan ai Afrilunmu ne. Ranar Madam tana da ganin likita, ta roƙe ni in sa wa Injin ido. Ta ce kada ya fita. Na ce to.

Da rana tsaka ya dame ni da kuka a bakin ƙofar baya. Na tuna karnukan 'yan farauta na garinmu, masu dogon baki, da ke bin zomo a tsakiyar bazara su dawo suna kaɗa wutsiya. Na ce kare ai kare ne. Na buɗe masa, har na jefa masa ƙwallo sau huɗu don in nuna ni ma ina da kirki. A na biyar bai tashi ba. Ya baje a ciyawa, yana wani haki mai ƙara kamar ana zarto, harshen ya fara komawa shuɗi-shuɗi.

Ni da ban taɓa taɓa kare ba a rayuwata, sai ga ni ina sheƙa masa ruwa da butar alwalata. Na rasa abin ɗaukarsa, na zazzage jakar Ghana-mos-go da nake tara kayan wanki, na sa shi ciki, na bar zif a buɗe. Direban tasi ya kalli gemuna, ya kalli hulata, ya kalli kan da ya leƙo daga jaka yana gurnani, ya yi mini sallama a sanyaye, bai ƙara cewa uffan ba har asibitin dabbobi.

Suka karɓe shi da gudu, suka sa masa iskar oksijin. Bayan kamar awa guda likitar ta fito ta ce zai rayu, sannan ta zaunar da ni kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Na yi ƙoƙarin kare kaina da labarin karnukan farauta. Ta ce to, mu fara daga nan.

Kare, in ji ta, ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jiki: iska ta bi ta cikin dogon hanci mai laima, ta kwashe zafi ta fita. Wato dogon bakin nan lagireto ne. Shi kuwa pug, da ɗan uwansa bulldog na Ingila da na Faransa da Pekingese, mutane ne suka yi ta zaɓen masu gajeriyar fuska suna haɗa su, zuriya bayan zuriya, har ƙashin fuskar ya lotse. Matsalar ita ce ƙashi ne kawai ya gajarce. Naman ciki bai ragu daidai da shi ba. Harshen yana nan da girmansa, haka ma lallausan naman da ke can ƙarshen ganɗa.

Nan take na gane, don na taɓa ganin an kai kayan amarya na ɗaki uku gidan ango mai ɗaki ɗaya. Gado ya tokare ƙofa, kujera a kan kujera, labule yana jan ƙasa.

Ta ce labulen ne ma babban mai laifi. Wannan lallausan naman ganɗa ya yi wa bakin tsawo, sai ya zubo har kan ƙofar maƙogwaro. Ga ƙofofin hancin a matse kamar tsagar asusu, dole kare ya ja iska da ƙarfi, ƙarfin jan kuma shi ke sa labulen kaɗawa. Karkarwarsa ce nake ji ta bango. In ya yi barci tsokokin wuya suka saki, sai wurin ya ƙara rufewa, wani lokaci ya toshe gaba ɗaya. Shirun nan da nake ƙirga ɗaya zuwa takwas ina murna, ashe numfashinsa ne ke ɗaukewa. Kuma shekara da shekaru na wannan ja yana kumbura naman maƙogwaro, har wasu 'yan aljihuna da ke ciki su juyo waje su ƙara cunkoso. Ƙiba kuma ta zo ta zauna a kai.

Ta tambaye ni ko yana barci da abin wasa a baki, ko da haɓa a kan wani abu mai tudu. Na ce ƙwarai, kullum da ƙashin roba a bakinsa, na ɗauka rowa ce, kada wani ya ɗauka. Ta ce tokare bakin yake yi don iska ta samu hanya. Wannan maganar ta ɗan taɓa ni, ban ɓoye ba. Wata goma ina tsine wa bawan Allah, ashe shi kokawa yake yi da numfashi.

Cutar har suna gare ta, BOAS a taƙaice, wato toshewar hanyar iska ta masu gajeren kai. Tun 2019 Jami'ar Cambridge da ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club suka fito da ma'auni: a saurari maƙogwaron kare, a sa shi sassarfa ta minti uku, a sake saurara, a ba shi maki daga 0 zuwa 3. Injin ya ci 3, makin da ba a taya murna. A shekarar nan ta 2022 ma Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta fitar da binciken da ya nuna pug ya kusan ninka sauran karnuka yiwuwar kamuwa da wata cuta a cikin shekara.

Na ce to wa ya aike su? Ta yi dariya ta nuna mini wani hoto a waya, zanen da William Hogarth ya yi wa kansa da karensa a 1745. Pug ne, amma da bakinsa a fili da dogayen ƙafafu, kai ka ce wani jinsi ne daban. Asalinsu daga ƙasar Sin ne, karnukan fada. 'Yan kasuwar Holan suka kawo su Turai, suka zama na gidan sarautar can, Sarauniya Victoria ma ta yi kiwonsu. Mutane suna son manyan idanu da fuska irin ta jariri, masu kiwo kuma suka yi ta ba kasuwa abin da take so. Abin dariyar, Holan ɗin da ta kawo su ita ce tun 2019 ta fara hana haɗa karen da bakinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon kansa ba.

Magani fa? A rage masa ƙiba, a daina ɗaura masa igiya a wuya sai ta ƙirji, kada a fitar da shi a rana (nan ta ɗan tsaya ta kalle ni), sannan tiyata: a buɗa ƙofofin hancin, a datse abin da ya yi yawa a labulen.

Na ce, "Likita, wannan ai wanzanci ne. Cire beli za ku yi masa." Na ba ta labarin wanzamanmu da ƙahonsu da askarsu. Ta ce kare ba shi da beli, amma unguwar ɗaya ce. Da ta faɗi kuɗin aikin sai da na dafa bango, ya fi hayata ta watanni. Madam da ta iso ko gezau, wai Injin yana da inshorar lafiya. Kare. Ni da na zo da shi ko ta babur ban taɓa yi ba.

Madam ba ta kore ni ba, abin da har yau nake mamaki. Aka yi aikin a watan Agusta. Minsharin bai ɓace duka ba, amma ya sauko daga injin niƙa zuwa keken ɗinki. Na jefar da abin toshe kunne, na yi barcin da rabona da shi tun Sakkwato.

Sai wata sabuwa ta ɓullo. Kullum wajen ƙarfe biyun dare Injin zai zo bakin ƙofata ya yi ta haushi yana karce katako. Dare na huɗu na fito a fusace na tarar da Madam tsaye da tocilarta. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta yaba tsaftata, ta yaba girkina, sannan ta ce ko zan gwada kwanciya ta gefe. Wai da can ƙarar Injin ce ke rufe tawa. Yanzu da ya samu sauƙi, ni nake hana shi barci.

Na ce sharri ne. Ta kunna mini abin da ta naɗa a waya. Na ce wannan tsohon faifan karen ne. Sai aka ji mai minsharin ya yi juyi ya ce "Inna" da Hausa.

Da safe na buga wa matata waya ina neman mai goya mini baya. Sai da ta yi dariya har yarinya ta farka, sannan ta ce, "Abban yara, shekara huɗu ina gaya maka kana cewa fanka ce. Don Allah ka tambayi likitar karen ko tana duba mutane."