Jarumin da ya yaƙi allon ƙarfe

Kun dai ga hoton da na saka shekaranjiya, na allon ƙarfen nan mai ba da tarihi a bakin titi a jihar Nebada ta Amurka, wanda wani ya harba da bindiga. Ramin harsashi 7 na ƙirga da yatsana a jikin allon, biyu daga ciki sun cinye shekarar da aka rubuta, ta yadda ko da tabarau ba za ka gane 18 da nawa ba ne. To ina miƙa jinjina ga wannan gwarzo, barde, namijin duniya, wanda ya ɗauko bindiga ya tuƙo mota har tsakiyar hamadar Nebada, ya rasa abokin karawa sai allon da ba ya gudu ba ya ramawa. Sannu da aiki, mazan fama. Ka ci yaƙi.

Abin da ya fi harbin ƙona min rai shi ne masu cewa "to mene ne a ciki, ba ƙarfe ba ne?" Wani ma cewa ya yi, Malam direba ka ja tirelarka ka wuce, tarihin Turawa ina ruwanka. Ruwana kuwa har wuya. Garin da mutanensa suka watse, allon nan shi ne bakinsa. Ka fasa shi, ka mayar da garin bebe.

Ku dubi Austin ɗin nan, ba ta Texas ba, wannan 'yar ƙaramar da ke maƙale a gefen duwatsun Toiyabe a kan hanya mai lamba 50. A 1862 aka tsinci azurfa a kwazazzabon nan, kafin ka ce kwabo dubban mutane sun cika wurin, masu haƙa da masu awo da masu sayar da giya da masu wa'azi. Aka gina coci-coci, aka buɗe jarida, a 1880 aka jawo siririn layin dogo daga Battle Mountain. Azurfa ta ja baya, kowa ya naɗe tabarmarsa. A 1938 jirgin ya daina zuwa. A 1979 aka ɗauke musu hedikwatar gundumar Lander aka kai Battle Mountain. Yau ko mutum 200 ba su cika ba, cikinsu akwai masu kiwon shanu a kwarin kogin Reese da 'yan masu tonon shuɗin dutsen nan na zobe. To ku gaya min, wa zai tsaya a bakin titi ya ba baƙo wannan labarin? Tsohon da ya gani da idonsa yana maƙabartar bayan gari. Jikokinsa suna Reno da Las Vegas suna neman na abinci. Saura allo. Shi kaɗai ne ba ya ƙaura.

Sai ka ji an ce ai komai yana intanet. Madalla. Je ka buɗe intanet ɗin a hanyar da mujallar Life ta laƙaba wa suna hanyar da ta fi kowace kaɗaici a Amurka tun 1986, inda za ka yi tafiyar awa guda wayarka ba sabis ko sanda ɗaya. Kuma ko da sabis, me za ka nema? Ba a neman abin da ba a san da shi ba. Ni ban taɓa jin sunan Stokes ba a rayuwata, sai da na hango wata hasumiyar dutse mai hawa 3 tsaye ita kaɗai a kan tudu kamar gidan aljanu, na tsaya na karanta. Ashe wani attajiri ne mai ramukan azurfa, Anson Phelps Stokes, ya gina ta a 1897 don iyalinsa su riƙa shan iska, suka ɗan zauna na ɗan lokaci kaɗan suka tafi, ba su sake komawa ba. Da ba don rubutun ba, da na wuce ina cewa tsohon rumbu ne.

Akwai masu wayo da suka zo min da wata hujja, wai allunan nan labarin masu kuɗi da masu cin ƙasa suke bayarwa, ba sa faɗin yadda aka yi da mutanen Shoshone, 'yan asalin ƙasar da aka tarar a wurin. Wannan na ji, kuma akwai gaskiya a ciki. Yarjejeniyar Ruby Valley ta 1863 ta ba baƙi izinin wucewa da haƙar ma'adinai, ba ta ce an sayar da ƙasar ba, kuma har gobe Shoshone suna nan kudu da garin, a Yomba. To sai me? Idan shaida ya faɗi rabin magana, ana kiran shaida na biyu ne, ba a harbe na farkon. A kafa wani allon kusa da shi, da harshensu ma in an ga dama. Kuma don Allah kar ku mayar da ɗan iskan nan ɗan gwagwarmaya. Ba don Shoshone ya harba ba, saitin bindigarsa yake gwadawa, gwangwanayen giyarsa ma na gani zube a gindin allon.

Bari in daina zolaya in faɗa muku abin da ya sa na tsaya minti 20 a wurin, iska tana kaɗa ni. Kakana ya yi haƙar kuza a wajen Barikin Ladi. Na je da ƙuruciya, aka nuna min tafkunan da ramukan suka bari, shanu suna shan ruwa a gefe. Ba rubutu, ba suna, ba shekara. Wanda ya nuna min ya rasu, ni kuma yau in ka kai ni ba zan iya ware ramin da kakana ya shiga ba. Shi ya sa da na ga jihar da ta ɗauki ɗawainiya tun bikin cikarta shekara 100 a 1964, ta bi ƙauyuka da mararraba tana kafa alluna sama da 200, shuɗaye masu siffar taswirar jihar, sannan wani ya zo ya mayar da ɗaya rariya, sai na ji kamar ni aka yi wa. Mai abu ya raina abinsa, wanda ya rasa yana kallo.

Ƙarfe ne, eh. Kabari ma ƙasa ne, amma ba ka taɓa ganin mai hankali yana rawa a kai ba.

Af, kafin in manta. A Austin ɗin ne na karanta labarin wani mai kanti, Reuel Gridley, da ya yi caca kan zaɓen magajin gari a 1864 ya faɗi, hukuncinsa ya saɓa buhun fulawa ya ratsa gari ana bin sa da kiɗa. Daga nan aka yi gwanjon buhun, wanda ya saya ya mayar, a sake gwanjo, gari bayan gari, har aka tara sama da dala 100,000 don jinyar sojojin yaƙin basasa. Kantinsa na dutse yana nan tsaye. Abin da ya ba ni dariya nauyin buhun: bai kai kilo 23 ba. Rabin buhunmu bai cika ba! Ɗan dako a Singa zai ɗora biyu a ka yana amsa waya, ba mai buga masa ganga.

Maganar fulawa ta tuna min, wa yake kusa da Reno da garin masara na tuwo? Ranar Alhamis zan sauke kaya a Sparks, kwana 11 ke nan ina cin burodi da sadin, kuma birkin tirelar nan tun gangaren Austin yake min wani kuka da ban gane ba.