Wa ya ce bokitin kaza abincin iyali ne?

Duk mai buɗe wayarsa a 'yan shekarun nan ya san tallan da nake nufi. Uba da uwa da yara biyu ko uku sun zagaye tebur, kowa baki har kunne, a tsakiya ga bokitin soyayyar kaza da tulin dankali da ƙatuwar gorar lemo, a ƙasa kuma an rubuta "ƙunshin iyali". Da wuya ka sami gidan abinci mai rassa da bai fito da irin nasa ba, manhajojin kai abinci gida kuwa shi suke fara turo wa mutum da zarar rana ta yi sanyi. Tallan bai dame ni ba, ɗan kasuwa kasuwarsa yake ci. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda masu ilimi, har da masu rubutu a kan tarbiyyar yara, suka karɓe waƙar suna rerawa: wai muhimmin abu shi ne iyali su zauna tare, inda abincin ya fito ba komai ba ne. Abinci abinci ne, in ji su.

Maganar tana da daɗin ji, amma wanda ya san abin da ake yi a bayan kantar irin waɗannan gidaje ba zai furta ta ba. Shi bokitin ma tun asalinsa dabarar ciniki ce. A 1957 ne Pete Harman, mutumin da ya buɗe reshen farko na KFC, kamfanin soyayyar kaza, a birnin Salt Lake na Amurka, ya haɗa yankan kaza 14 da ƙananan burodi biyar da romo a cikin bokitin kwali, ya tallata wa matan gida a matsayin hutu daga girki. Shekaru tara kafin nan, a 1948, 'yan'uwan nan biyu, Richard da Maurice McDonald, waɗanda suka fara gidan abinci na McDonald's, sun sake tsara kicin ɗinsu a San Bernardino ya koma kamar masana'anta: abinci kala kaɗan, kowane ma'aikaci da aiki guda, babu faranti, babu cokali, babu zama. An gina tsarin ne domin mutum ya karɓa, ya haɗiye, ya tashi ya ba na baya wuri. Yau kuma shi ake ɗora wa iyali a kan tebur ana cewa ai duk ɗaya ne da tukunyar gida.

Mu fara da gishiri, domin nan ne ƙaryar ta fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta sa wa yaro ɗan shekara 4 zuwa 6 iyakar giram 3. To, yankan ƙirjin kaza guda ɗaya na KFC, bisa alƙaluman da kamfanin ke wallafawa a Amurka, yana ɗauke da kusan giram 3 na gishiri. Yanka ɗaya kenan, ba a zo kan dankali da miyar dangwale ba, yaron ya riga ya cinye rabonsa na yini. Big Mac, burodi mai nama na McDonald's, guda ɗaya ya haura giram 2. Dalilin kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya san aikin. Ana jiƙa naman da ruwan gishiri domin ya riƙe ruwa kada ya bushe a akwatin ɗumama, ana sa gishiri a fulawar da ake tura shi a ciki, ana barbaɗa wani a kan dankali yana fitowa daga mai, miyar cikin 'yar leda ita ma da nata. Hawa huɗu. Mai girki a gida da ta zuba cokalin shayi ɗaya a tukunyar mutum biyar, kowa bai samu fiye da giram ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma idan akwai mai hawan jini a gidan sai ta ɗebe masa nasa kafin ta sa. Wa zai ɗebe maka naka a masana'anta?

Sai mai. Mutane na zaton kaza na shan mai ne tana cikin kasko. A'a. Muddin man yana digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas, tururin da ke fita daga naman ne ke tare shi. Ana tsame ta ta fara hucewa, tururin ya koma ruwa, ƙofofin da ya bari a ɓawon fulawar su zuƙe man da ke kwance a sama. Shi ya sa kauri da yawan kumburin ɓawo, wanda shi ake talla da shi, ke nufin ƙarin mai a cikin ciki. Idan kuma cunkoso ya yi yawa aka cika kwandon tuya fiye da ƙima, zafin man ya faɗi, abin ya daɗe a ciki ya fito jagab. Man da aka yi kwanaki ana tuya da shi yana yin duhu, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai kai zafinsa ba; ƙasashe da dama a Turai sun yanke cewa a zubar da shi idan lalatattun sinadaran cikinsa suka kai kashi 24 zuwa 27 cikin ɗari. Manyan kamfanoni na da na'urar tacewa da abin awo, a ba su wannan. Amma reshe na hannun wanda ya sayi lasisin suna ne, shi ke biyan kuɗin mai, kuma shi ke yanke ranar da za a sauya. Mai saye ba ya gani.

Dankalin ma labarinsa ya fi ban dariya idan aka zo batun kai wa gida. An yanka shi a masana'anta, an tsoma a ruwan zafi, an busar, an yi masa rabin tuya, an daskarar. A reshe ana ƙarasa shi cikin kamar minti uku, kuma ƙa'idar da aka daɗe da sanin McDonald's da ita ita ce kada ya wuce minti 7 a ajiye. Su da suka ƙera shi ke nan sun san cewa bayan minti 7 ya tashi daga aiki. Amma sai a ƙulle shi cikin jaka, a sa a akwatin ɗan aike, a yi minti ashirin ko talatin a hanya. Danshin cikinsa ya fito ya jiƙa bayan, tururi ya rasa mafita ya koma masa, ya iso a lanƙwashe, ga sanyi ga maiƙo. Wannan ne iyali ke biyan kuɗin aike da ladan manhaja a kansa, ladan da kan kai kashi 30 cikin ɗari na cinikin, wanda gidan abincin ke maidowa kan mai saye ta wata hanyar.

Gorar lemon da ake cewa kyauta ce a cikin ƙunshin, ita ce ta fi komai arha a wurinsu, ruwa ne da sukari da iskar gas. Lemon kola na ɗauke da kimanin giram 10.6 na sukari a kowane mililita 100. Gora mai lita ɗaya da rabi ta kusa giram 160, wajen cokalin shayi 40. A raba wa mutum huɗu, kowa ya tashi da giram 40, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya tsaya ƙasa da giram 50 a yini, in da hali ma 25. Babu uwar da za ta ɗebo cokali goma na sukari ta ɗura wa ɗanta da abincin dare. A cikin gora kuwa sai a miƙa masa har da ƙari.

Masu cewa ai laifin mai ci ne da bai san daidai cikinsa ba, su je su karanta gwajin da Kevin Hall ya jagoranta a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, wanda aka wallafa a 2019. An kwantar da manya 20 tsawon wata guda: mako biyu suna cin abincin masana'anta da aka sarrafa sosai, mako biyu suna cin wanda aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita kalori da sukari da kitse da ke cikin abin da aka ajiye musu, aka ce kowa ya ci son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma suka rage kwatankwacin haka. Mutanen su ne dai, halinsu bai sauya ba. Abincin ne ke da laushi, ba ya buƙatar tauna, yana wucewa kafin ciki ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. A tebur na gida akwai wanda ke zuba wa kowa, ya san wanda ya isa ƙari da wanda kwaɗayi ne kawai ke damunsa. Bokiti ba shi da mai rabo, hannu ne ke ta shiga har sai an ga gindinsa.

Kuma ba a bar adadin ga sa'a ba. Allon taɓawa da ke bakin ƙofa da manhajar waya ba sa mantawa su tambaye ka ko za a ƙara girma, ko za a haɗa da kayan zaƙi, ba sa jin kunya, ba sa gajiya. A 2019 McDonald's ya kashe kusan dala miliyan 300 ya sayi kamfanin Dynamic Yield domin allon oda ya riƙa sauya abin da yake nunawa bisa yanayin gari da lokaci da abin da ka riga ka zaɓa. Kamfani ba ya zuba irin wannan kuɗi domin ya taimake ka ka ci kaɗan.

Inda abin ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne harshen yara. Yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon ganye ko kayan lambu sau goma ko fiye kafin ya karɓa, kuma a tebur ake wannan aikin, yana kallon manya suna ci. Soyayyen abu mai gishiri kuwa tun ranar farko yake karɓa. Tun 1979 da McDonald's ya fito da Happy Meal, ƙunshin abincin yara, ake haɗa masa da abin wasa domin ya riƙa jan rigar iyayensa. Ƙasar Chile ta gane wannan, ta hana saka abin wasa a abincin yara da ya wuce ƙima a gishiri ko sukari ko kitse tun 2016. Yaron da ya saba da bokiti sau uku a mako, abincin gida zai riƙa yi masa lami, sai uwa ta fara ƙara gishiri domin ya ci, daga nan gidan gaba ɗaya ya bi sahu. Harshe na iya komawa daidai idan aka rage gishiri, amma sai an yi makonni ana fama da ɓacin rai a tebur, kuma iyaye ƙalilan ne ke iya jurewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kamfanonin sun fi iyaye riƙo da wannan karin maganar.

Akwai masu ganin rubuta adadin kalori a jikin jerin abinci zai magance komai, kamar yadda Amurka ta wajabta a 2018, Ingila kuma a 2022. Bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2025 ta nuna abin da hakan ke ragewa bai wuce kalori 11 a abinci mai kalori 600 ba, wato 'yan silin dankali. Masu kiran a rufe gidajen baki ɗaya kuma ba su taɓa yin tafiyar dare da yara masu jin yunwa a mota ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta lokaci, don haka mu ƙirga. Zaɓe da gardamar wa ke son me, minti biyar zuwa goma. Haɗawa a reshe, goma zuwa sha biyar. Hanya, ashirin ko fiye. An tasar wa minti 40. Shinkafa kofi ɗaya da ruwa kofi biyu tana nuna cikin minti 18 a rufe kan ƙaramar wuta. Cinyoyin kaza a tanda mai digiri 200 suna nuna cikin minti 35 zuwa 40, ba mai tsayawa a kansu, in dai cikin naman ya kai digiri 75. Ƙwai da albasa da tumatir, minti goma. Miyar da aka dafa da yawa ranar hutu, aka zuba a kwanoni marasa zurfi domin ta huce da wuri, aka sa a firji kafin awa biyu, tana kai kwana uku. A daskare kuwa watanni. Abin da ke lalata wannan tsari shi ne a tura babbar tukunya da zafinta cikin firji, tsakiyarta ta kwana da ɗumi, ko a bar dafaffiyar shinkafa a waje har safe, ƙwayoyin cutar da ke jure dahuwa su farfaɗo su zuba gubar da ɗumame ba ya kashewa.

Ashe ba agogo ne matsalar ba. Gajiya ce, kuma gajiyar mutum ɗaya ce. A mafi yawan gidaje mace ce ke dawowa daga aiki ta tarar da cefane da yanke-yanke da girki da wanke-wanke duk suna jiranta, maigida na kan kujera da waya, yara 'yan shekara sha biyu da sha biyar ba wanda ya iya yanka albasa. Ba na ganin laifinta idan ta danna manhaja. Laifin na ga mai gidan da ya gwammace ya biya kuɗin bokiti sau uku a mako da ya tashi ya wanke tukunya, sannan ya zo yana yi mana wa'azin cewa zaman tare ne muhimmi. Marubutan da ke shafa masa mai a baki sun ba shi mafaka ne kawai. Wanda ya damu da zaman iyali da gaske, ya raba aikin kicin: wannan ya yi cefane, wancan ya yanka, wani ya wanke.

Ranar da dole sai an saya, a sayi kazar kaɗai, a je a karɓo da kai maimakon jiran ɗan aike, a buɗe murfin bokitin a hanya domin tururi ya fita. A bar musu dankalinsu da gorarsu. A gida a dafa shinkafa, a yanka kabeji da tumatir, a juye kazar a faranti, mutum ɗaya ya raba, yanka ɗaya ga kowane yaro. Abin da ya rage a sa a firji kafin awa biyu, gobe a ɗumama shi a tanda har ya yi zafi can ciki, sau ɗaya tak.