Juwan kilas ba ya ƙonewa haka kawai

Kun ga bidiyon, kun ji ihun da aka yi a bakin wani gareji a Damagaram: Alhaji mai mota yana faɗa da maigidan gareji, don an sa wa motarsa sabon juwan kilas (shimfiɗar da ake sawa tsakanin kan inji, wato kilas, da gangar jikinsa, wato bulok) amma ta sake lalacewa. Masu cewa Alhaji mai mota ya cika faɗa da masu cewa makanikai duk ɓarayi ne, dukansu sun bar inda maganar take. Laifin na maigidan gareji ne. Ban ce ya saci komai ba, kuma na yarda sabon juwan kilas ya sa, kamar yadda ya yi ta rantsuwa. Laifinsa shi ne ya kwance kan inji, ya ɗaure, ya karɓi kuɗin aiki, alhali bai san abin da ya sa motar ta yi zafi tun farko ba. Mota ta fita ranar Litinin, ranar Alhamis aka jawo ta da igiya daga hanyar Tanout. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Juwan kilas ba ya ƙonewa haka kawai, jama'a. Wani abu ne ke ƙona shi, kuma in ba ka gano abin ba, sabon da ka sa shi ma hanyar da zai bi ke nan. Wannan magana kowane yaron gareji ya taɓa jin ta, amma a Damagaram kullum sai an sake wannan aika-aikar, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40 kuma kowa ya kunna kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota.

Na ga masu kare maigidan suna cewa ai mai motar ne da bakinsa ya ce a sa masa juwan kawai, yana sauri. To, tun yaushe mai mota ya zama shi ke faɗa wa makaniki ciwo da magani? Shi abin da ya gani shi ne allura ta hau ja, tururi ya tashi. Sauran aikin naka ne, maigida, shi ya sa ya zo wurinka bai je wurin mai faci ba.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya na kilas, akwai binciken da bai wuce awa ɗaya ba. A bar inji ya huce sarai, a cika ruwa, a tayar da shi murfin radiyater a buɗe. In kumfa na ta fitowa a jere ba tsayawa, ko ruwa na tunkuɗowa tun inji bai yi ɗumi ba, hayaƙin silinda ne ke shiga hanyar ruwa. A zaro sandar awon mai, a duba ƙarƙashin murfin zuba mai: in baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. A cire buji, masu ba silinda wuta, duka a jera su a kan kwali yadda suke a inji. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, alhali 'yan'uwansa sun yi duhu, a silindarsa ruwa ke zuba. Sannan a auna matsin kowace silinda. A injin esans mai lafiya irin na Corolla za ka ga tsakanin bar 10 da 13, kuma bai kamata tazarar silinda da silinda ta wuce bar 1 ba. In biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, juwan ya tsage a tsakaninsu.

Wannan duka ya nuna maka juwan ya mutu ne kawai. Bai faɗa maka wanda ya kashe shi ba, kuma nan ne mafi yawan garejinmu suke tsallakewa.

Fara da murfin radiyater, abin da kowa ke rainawa. Dubi lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1. Wannan matsi ne yake riƙewa, kuma da shi ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta tsage ko ƙarfen da ke danna ta ya saki, ruwa zai tafasa a digiri 100 ko ƙasa kaɗan, ya tsere ta tiyon gefe, direba na tafiya bai sani ba. An sha rasa inji sukutum saboda murfin da kuɗinsa bai kai na litar mai biyar ba. Daga nan sai radiyater ɗin kansa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari suna taruwa tsakaninsa da na kilim da ke gabansa, su daskare kamar tabarma, daga waje ba ka ganin komai sai ka raba su. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, don kada haƙoran su lanƙwashe. In inji ya yi ɗumi aka kashe shi, a shafa fuskar radiyater da tafin hannu, nesa da fanka: duk inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin ya toshe. Abin da ke toshe su kuwa mun san shi, ruwan rijiya da na pampo ne da ake ɗurawa shekara da shekaru, ya bar farin gishiri da tsatsa. Shi ne kuma ke cinye fukafukan famfon ruwa, har ka ciro shi ka tarar sanda ce kawai ke juyawa, ba abin da take turawa.

Sai fanka. Tana tashi da kanta in zafi ya kai? Tana juyawa ta inda ya kamata? Ba sau ɗaya ba ana haɗa wayoyinta a juye bayan wani gyara, ta koma tana tura iska waje maimakon ta jawo ta ciki. A manyan motoci masu fankar da inji ke juyawa, irin su Hilux da Land Cruiser, a duba ko man da ke cikin cibiyarta ya tsiyaye. In inji na da zafi ka kashe, ka juya ta da hannu ta yi ta wulwulawa ba nauyi, ta gama aiki.

Ga kuma termosta, 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar radiyater in inji ya yi zafi, wadda ta zama abar tsana a garin nan. Da mota ta yi zafi sai a ce ai kayan ƙasar sanyi ce, a cire a jefar. Ku daina, don Allah. Gwajinta tukunya ce da ruwan zafi: a yawancin injin Toyota tana fara buɗewa wajen digiri 82. In ta buɗe, lafiyarta lau, a mayar da ita. In ta ƙi, a sa sabuwa. A injuna da yawa tana da faranti na biyu a gindinta da ke rufe gajeriyar hanyar ruwa in ta buɗe. Ka cire ta, wani kaso na ruwan zai riƙa zagayawa cikin inji bai leƙa radiyater ba, sai ka ga mota lafiya cikin gari, amma da an ɗora kaya an kama hanyar Agadez allura ta tashi. A lokacin sanyi kuma inji ba ya kai zafin aikinsa, kwamfutar motar ta yi ta ƙara mai, mai motar ya yi ta kukan shan esans.

Wanne daga cikin waɗannan aka duba a motar Alhaji? Ku koma ku saurari bidiyon da kyau. Maigidan da kansa ya ce shi juwan aka ce ya sa, juwan ya sa.

Ko aikin juwan ɗin ma, yadda ake yinsa a wurare da yawa abin takaici ne. Kilas na aluminiyam in ya sha zafi yana lanƙwashewa, lanƙwasar da ido ba ya gani. Ana ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, a zura siraran ganyen awo ta ƙarƙashi. A injunan Corolla irin 4A-FE da 1ZZ-FE iyakar da kamfani ya yarda ita ce milimita 0.05, abin da bai kai kaurin takardar littafi ba. Ya wuce haka, a kai wa mai injin aske fuskar kilas, a kuma duba ko ya tsage tsakanin bawul da bawul. Goge shi da takardar yashi a kan benci ba gyara ba ne, ƙara masa kwari ne. Fuskar bulok ita ma a auna ta. Ramukan noti goma ɗin nan a busar da su tas, domin in mai ko ruwa ya kwanta a ciki, noti zai yi tauri kafin ya danne kilas, kai kana zaton ya ɗauru. Ba a shafa wa juwan kilas gam. Ɗauri kuma daga tsakiya ake farawa a yi waje, hawa-hawa, da kile mai awon ƙarfi. A 1ZZ-FE ana kai wa 49 Nm a awon kilen sannan a ƙara kwana digiri 90, a 4A-FE kuwa 29 Nm sannan digiri 90 sau biyu. Irin waɗannan notin miƙewa suke yi in an ɗaure su, shi ya sa ake auna tsofaffin kafin a mayar, wanda ya sirance a canza shi.

Na san amsar da za a ba ni: hannuna ya san ƙarfin noti, shekara talatin ina wannan aiki. Ina girmama shekarunka, baba, amma hannun da ya ɗaure noti na farko da safe ba shi ne ke ɗaure na goma ba, balle in an ba yaro dogon bututu an ce ya ja har sai ya ji ƙara. Wasu kuma su ce kayan awo tsada. Ƙarfen awo da ganyen awo da agogon matsi da kile mai awo, in ka haɗa su, ba su kai kuɗin injin da za a ce ka biya ba in aka kai ka gaban hukuma. Ana samunsu, masu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano sayo kaya ba su da iyaka a garin nan, saƙo kawai za ka bayar.

In ruwa ya riga ya gauraya da baƙin mai, juye ɗaya bai isa ba. A zuba mai da sabuwar filta, a bar inji ya yi zafi, a sake juyewa, don ragowar ruwan nan shi ke cinye metal, waɗanda sandar inji ke juyawa a kansu, a hankali. A zuba gilasiyol na gaskiya, wato koren ruwan sanyaya inji, in mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da ruwan batir marar asid, a fitar da iska daga hanyar ruwa, a tsaya a ga fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. Sannan a fita da motar hanya, kilim a kunne, a yi tafiya mai ɗan nisa, washegari da safe a sake duba ruwa kafin a kira mai ita. Zagaye ɗaya a unguwa ba gwaji ba ne.

Abin da ke hana a yi duk wannan mun san shi, kuma ina jin zafinsa har raina. A garejinmu ba a biyan kuɗin bincike. Makaniki zai ɓata awa biyu yana neman ciwo, mai mota ya ce ai ba ka canza komai ba, ya miƙa masa na goro. Shi ya sa kowa ke gaggawar kwancewa, don sai an ga kaya a ƙasa ake yarda an yi aiki. Ga haya, ga abincin yara biyar ko shida, ga patanti, harajin sana'a, ga bashin da manyan mutane suka ci suka yi shiru. Duk na san da wannan. Amma maganinsa a hannun masu gareji yake. Ka yanka wa bincike kuɗinsa daban, ka faɗa tun mota ba ta shigo ba. Ka ajiye littafi: rana, lambar mota, kilomita, abin da mai ita ya ce, abin da ka gano, abin da ka ce a canza ya ƙi. In ba ya son sa hannu, ya turo maka da muryarsa ta WhatsApp. Tsofaffin kayan da ka cire ka zuba masa a kwali ya tafi da su. In shi ya kawo juwan ɗinsa na araha, mai kama da kwali, alhali juwan ƙarfe mai hawa-hawa injin yake so, ka gaya masa a gaban shaida cewa babu garanti. In kuwa ya ce ba zai biya askin kilas ba, ba zai wanke radiyater ba, juwan kawai yake so, ka ce masa Alhaji ka yi haƙuri, wannan aikin ba zan taɓa ba.

Za a ce zai tafi garejin gaba. Ya tafi mana. Nan da mako guda a bakin garejin gaban za a yi ihun, sunan wancan ne zai yawo a wayoyin mutane daga Birni har Sabon Gari. Ƙaramin gareji ba shi da allo, ba shi da talla a rediyo, abin da direbobi ke faɗa a tasha shi ne jarinsa.

Ku ma masu mota, in allura ta wuce rabi ta doshi ja, ku tsaya a kashe inji nan take. Kilomita biyun nan na "bari in ƙarasa gari" su ne ke lanƙwasa kilas. Kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kada a buɗe murfi sai tiyon sama ya yi laushi a hannu.

Wani abu kuma da na gani a bidiyon, ba wanda ya yi maganarsa. Ku dubi bayan mutanen da ke faɗa, koren ruwan da aka juye daga motar yana kwance a ƙasa, ga akuya tana lasa. Gilasiyol zaƙi gare shi, kuma guba ne, ƙoda yake kashewa, ta dabba da ta mutum. A garin da ruwa ke wuya kamar namu, akuya da kaza duk inda suka ga danshi nan suke nufa, ga yaran unguwa da ke shigowa tsintar gwangwani. A tare shi a roba, a zuba a jarka mai murfi, a rubuta a jiki. Kuma don girman Allah a daina ajiye shi cikin gorar lemo a ƙarƙashin benci, kusa da inda yara ke ajiye ruwan shansu.