Tsiren fam 92

Ambulan ɗin takardar tarar da sunan uwargida ya zo, don haka ita ta buɗe. Ina kwance a falo na ji ta ce, "Malam, yaushe na tuƙa mota ranar Talata?" Nan take barci ya gudu. Motar tawa ce, ni na saye ta da gumina, amma wani wayo na inshora ya sa muka yi mata rajista da sunanta. A Ingila kuwa irin wannan tarar mai rajistar mota take bi, ba ruwansu da wanda ke riƙe da sitiyari.

Laifin shi ne na tsaya a cikin zanen rawayan nan mai kama da gidan dara da suke shatawa a mahaɗar tituna a Landan. Doka ta 174 a kundin dokokin hanyarsu ta ce kada ka shiga sai ka ga inda za ka fita. Na shiga, bas ɗin gabana ya ja birki, na maƙale. Kamara ta ɗauka. Fam 160, amma in an biya cikin kwana 14 a karɓi 80.

Ni dai a Kano na koyi tuƙi, kuma a fagen ba da haƙuri ba na jin akwai wanda ya fi ni a unguwarmu. In aka tare ni, kafin jami'i ya zaro biro na gaishe shi, na tambayi iyali, mun gano cewa kakarsa da tawa 'yan gari ɗaya ne. In abin ya ƙi, akwai wanda za a kira a waya. To yau ga ni gaban kamara, ba ta da kaka, ba ta da gari.

Bayan takardar an rubuta cewa ana da kwana 28 a aika da ƙorafi a rubuce, ba sai an taka kotu ba, kuma ba a taɓa lasisin mutum. Na ce alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni da nake rubuta wa mutanen layinmu wasiƙa tun ina firamare?

Daren nan na cika shafi uku. Na fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na tambaye su aiki da sanyi. Na bayyana cewa shekarata 22 ina tuƙi ko kaza ban taɓa takewa ba. Na kawo maganar tsadar haya da kuɗin makarantar ƙannena a gida. Sai a shafi na uku na iso kan hujja: dokar ta yarda mai juyawa dama ya tsaya a cikin zanen in motocin da ke tahowa ne suka tare shi, ni kuma, in ji ni, dama zan juya.

'Yata ta karanta, ta ɗauki jan biro kamar malamar makaranta. "Abba, ba wanda zai amsa maka gaisuwa. Kazar ma a cire." Shafi uku ya koma layi shida. Sannan ta ce, "Amma ka kalli bidiyon kuwa?"

Ashe akwai bidiyo. Lambar takardar da ta mota kawai za ka saka a shafinsu na intanet. Kuma tunda sunan uwargida ne a kai, dole ita ta sa hannu a wasiƙar, ita kuma ta ce ba ta sa hannu a abin da ba ta gani ba. Muka jeru mu uku gaban kwamfuta.

Ga motata nan ta shigo a miƙe sambal, ba sigina, ba alamar mai niyyar juyawa ko'ina. Ta tsaya a tsakiyar zanen daram, kamar an kafa ta da ƙusa. Wannan duk mai sauƙi ne. A saman dashbod ga wani ƙunshi a buɗe yana ƙyalli, ga hannuna yana zuwa yana dawowa tsakaninsa da bakina. A ƙasan hoton ga lokaci: bakwai da minti arba'in da biyu na yamma, daidai lokacin da na ce mata aiki ya riƙe ni. Wata huɗu ke nan da likita ya raba ni da jan nama da gishiri saboda hawan jini.

"Maimaita wurin nan," in ji uwargida. Aka maimaita. "Tsiren unguwar Peckham ne?" Na ce ƙosai ne. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙosan da ake ja da haƙori ba.

Duk da haka na aika wasiƙar, don namiji ba ya janyewa a gaban 'yarsa, sai dai na sauya hujja: na ce daƙiƙoƙi kaɗan na yi, kuma ban tare kowa ba. Bayan makonni amsa ta zo cikin ladabi mai ciwo. Sun gode, sun duba, sun ƙi. Amma da yake na rubuto da wuri, sun sake ba ni kwana 14 a kan fam 80. In ban gamsu ba, in ɗaukaka ƙara gaban alƙali mai zaman kansa, shi ma a rubuce, amma in na faɗi 160 ɗin ce cif.

Na fara naɗe hannun riga, uwargida ta ce, "Wato shi ma alƙalin ya ga kana tauna?" Na ɗauko katin banki. Tsiren fam 12 na saya.

Da yamma Hajiyata ta kira daga Kano, don bidiyon ya riga ya shiga zauren WhatsApp na dangi. Ta gama faɗan hawan jini tsaf, sannan ta sassauta murya ta ce, "Yanzu kai duk shekarun nan, ba ka san kowa a ofishin nasu ba?"