Na kaɗa ƙuri'a a ƙasar da ba tawa ba

Takarda ce kansil suka jefo min ta ramin ƙofa a nan Leeds ta Ingila, wai in yi rijistar zaɓe. Na yi dariya, ni da koren fasfon Najeriya? Ashe ɗan ƙasashe renon Ingila in dai yana da takardar zama, yana da ƙuri'a. A cikin bas na yi, a hanyar aiki, na buɗe shafin gwamnati a waya na sa suna da ranar haihuwa da adireshi da lambar inshorar da suke ba duk mai aiki, wallahi kafin mu kai tasha ta uku na gama. Ba hoto, ba dangwale, ba wanda ya ce min sabis ya ɗauke a dawo gobe.

Ranar 4 ga Yulin 2024 aka yi babban zaɓen Birtaniya, Alhamis, kowa ya tafi aikinsa ba hutu ba hana zirga-zirga. Rumfar a wani ɗakin taro na coci take, tsofaffi biyu a bakin tebur da kofin shayinsu, daga 7 na safe har 10 na dare, na nuna fasfo suka ja layi a kan sunana suka miƙo takarda. Fensir fa ake zaɓen da shi, ɗaure da zare! 

Kar wani ya ce na samu wuri na manta gida, mu ma ana ƙoƙari, ga NIN ga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, kuma su ɗin ma kusan 60 cikin 100 ne suka fito. Amma mu a 2023 ko 30 ba mu kai ba, kuma ni ban yarda rashin kishi ba ne, mutum ya sha rana karɓar kati ya sake shan rana a layi, dole ya gaji.

Abin da ke ci min rai, kuɗin da nake turawa gida duk wata minti ɗaya sun shiga, amma ƙuri'ata doka ba ta yarda ta ƙetaro ba. Zaɓen 2023 a WhatsApp na kwana, ƙanina yana karanto min sakamakon akwatin firamaren unguwarmu, ina jiyo ihun 'yan majalisar hirarmu ta bayansa. Nan kuwa na fito ba wanda ya tambaye ni wa na yi, burodi na saya na wuce gida, yatsana fes ba tawada.