Gayya ba ranar ɗaukar hoto ba ce, nasiha ga matasan garuruwanmu na bakin kogi

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku ƙannena da ke garuruwan bakin kogin Haɗeja, tun daga wajen Auyo da Kirikasamma da Guri har a dangana da Nguru. Maganar nan ta daɗe tana cina, na so in bari sai mun haɗu a majalisa amma na san halinmu, ana fara magana wani zai kawo zancen ƙwallo shi kenan an wuce wajen.

Kowa ya san kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa, ba sai an yi wa ɗan yankinmu bayani ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka zo aka ƙara da na Challawa a 1992, kogin ya daina abin da ya saba na ya cika da damina ya ja baya da rani, ruwa ya koma kusan ko yaushe yana kwance, ita kuma ciyawar nan abin da take so kenan, sai ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake bukatar ruwan ba ya zuwa, inda ba a bukatarsa kuma ya malale gonaki da gidaje, ga tsuntsun jan baki ya samu masauki a cikinta yana fitowa yana cinye wa mutane shinkafa da gero. Wanda ya ga ambaliyar 2022 da idonsa ba zai so a maimaita masa ba.

To bayan wannan ambaliyar ne mu ma a ɗan garinmu muka ce za mu tashi mu yi gayyar yanke kachalla. Aka buɗe guruf a WhatsApp, cikin kwana biyu ya cika, har da 'yan garin da ke Kano da Abuja da Legas. Ranar farko wallahi abin gwanin ban sha'awa, dagaci da kansa ya fito bakin ruwa, liman ya yi addu'a, iyayenmu mata suka aiko da kunu a manyan robobi, masu lauje suka shiga ruwa iya ƙirji, wasu suna jan ciyawar da aka yanka zuwa gaɓa, wasu suna ɗura ƙasa a buhu ana jerawa a jinga. Akwai wani baba da ya haura sittin, masunci ne, shi ya tsayar da mu ya ce yaran nan wahalar banza kuke yi, in kun yanke ta a saman ruwa kamar kun yi mata aski ne, sati biyu za ta dawo, ku nutsa hannu ku yanke ta can ƙasan ruwa yadda kututturen ba zai samu iska ba sai ya ruɓe. Mu da muke ganin mun yi boko babu wanda ya san wannan a cikinmu.

Asabar ta biyu muka ragu. Ta uku mu goma sha ɗaya ne, na ƙirga, kuma a cikin sha ɗayan nan bakwai dattijai ne. Ina 'yan guruf? Suna nan suna tura hotunan ranar farko, wai mun ceto garinmu. Wani ma da ya fi kowa baki rigarsa ko jiƙewa ba ta yi ba, ya riƙe lauje an ɗauke shi hoto ya mayar wa mai shi.

Abin da nake so ku gane kenan, ita kachalla ba ta san an yi taro ba. Saiwarta tana ƙasa, kana barinta take tohowa. Haka lambatun cikin gari, haka famfon burtsatse, haka rufin ajin firamare da katangar maƙabarta, duk aikin gari irin wannan ne, ba a gama shi, komawa ake yi. Ku dubi mutanen Jenne a ƙasar Mali, masallacinsu na ƙasa ne, ginin da ke tsaye yanzu tun 1907 yake, kuma babban abin da ya riƙe shi shi ne duk shekara gari gaba ɗaya yake fitowa a yi masa yaɓe, wasu na kwaɓa ƙasa wasu na ɗauka a kai wasu na hawa, mata na kawo ruwa. Da sau ɗaya suka yi suka zauna suna ba da labari da tuni damina ta cinye shi.

Sannan abin da ya ƙarasa kashe namu, kuma a nan nake so ku buɗe kunne sosai, kuɗi ne. Lokacin ana dab da zaɓe, wani ɗan takara ya ji labari ya aiko da riguna masu hotonsa da 'yan dubbai a ambulan wai a sha ruwa. Muka karɓa, ni ma ina cikin waɗanda suka ce a karɓa, ba zan wanke kaina ba. Daga ranar duk wanda ka kira gayya tambayar farko ita ce nawa za a bayar, 'yan ɗaya jam'iyyar kuma suka ce ai aikin ya zama na su wane, suka janye ƙafa. Ga kuma kuɗin da 'yan uwanmu na birni suka turo, ba wai an ci ba ne, Allah ya sani shebur da baro da buhuna aka saya, amma a akawun ɗin mutum ɗaya aka zuba kuma ba wanda ya rubuta komai, da aka fara ƙus-ƙus ba mu da takardar da za mu nuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Har yau akwai mutum biyu da ba sa gaisawa a kan abin da littafin naira ɗari biyu zai iya kashewa.

Saboda haka in za ku sake tashi, kuma ina roƙonku ku tashi, kada ku fara da zaɓen ciyaman da sakatare da buga kati da tunanin sunan ƙungiya mai daɗi. Ku je wajen mai unguwa da dagaci ku gaishe su yadda ya kamata, ku ce ranka ya daɗe ga abin da muke so mu yi, a sa mana rana, don in sanarwa ta fito daga bakin masallaci ranar Juma'a ta fi saƙon waya dubu. Ku ɗauki yanki kaɗan wanda ƙarfinku zai kai, daga kwalbatin bakin kasuwa zuwa gindin tsamiya misali, ku riƙe shi. Duk kwabon da ya shigo a rubuta a karanta a gaban kowa ko da kuwa kuɗin goro ne. Ɗan siyasa in yana son taimako ya kawo kayan aiki ya ajiye a ƙofar dagaci ba tare da hotonsa ba, in bai yarda ba ku yi masa godiya ya tafi da abinsa.

Na san wani zai ce ai aikin gwamnati ne, me ya sa za mu shiga ruwa da matsattsaku da tsargiya alhali akwai masu karɓar albashi don wannan. Gaskiyarka, manyan hanyoyin ruwa ba aikin lauje ba ne, sai inji, kuma dole mu ci gaba da binsu da takarda da baki har su kawo. Amma ƙaramar hanyar da ta bi ta bayan gonar babanka fa? Kakanninmu da gayya suke nome gonar mara lafiya da ta gwauruwa, mai gona ya dafa abinci makaɗa su buga ganga, gobe kuma a koma ta wani, ba wanda yake jiran ƙaramar hukuma.

Baban nan masunci har yanzu yana fita shi da jikokinsa biyu a kwale-kwale, duk ranar Asabar bayan asuba. Shekaranjiya na same shi yana wasa lauje a bakin dutse, ya ce in gaya muku ruwa bai kai ƙirji ba tukuna, wanda zai zo ya zo da nasa laujen don nashi guda biyu ne kawai.