Yadda na kashe ƙuri'ata da bakina

Tun da aka rusa jam'iyyun ƙasar nan tamu ta Nijar gaba ɗaya a watan Maris na 2025, babu sauran mai korata daga ko'ina, don haka yau zan amayar da abin da na haɗiye tun ranar Lahadi 27 ga Disamba 2020.

Ran nan ni ne delege, wato wakilin jam'iyyarmu, a wani biron zaɓe cikin wata lakwal a nan Tahoua. Sunan jam'iyyar ku bar mini shi, har yanzu muna haɗuwa da mutanenta wurin suna da jana'iza. Ba ta dai cikin manya. Kowa ya san a lokacin Adar, wato yankinmu na Tahoua, gidan jam'iyyar PNDS-Tarayya ne, shugaban ƙasa na lokacin Mahamadou Issoufou ɗan Dandaji ne, nan cikin yankin. Mu kuwa in mun kira mitin, bash ɗaya da kujera hamsin sun ishe mu, har a samu ta ɗora buta.

Kafin a rusa su, sunan jam'iyya a Nijar gabansa Faransanci ne, bayansa Hausa. Tun Sawaba ta Djibo Bakary da aka haramta a 1959 ake haka, kuma da aka buɗe ƙofa gab da taron ƙasa na 1991 sai sunaye suka yi ta tsirowa: Nassara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, daga baya Jama'a, Gaskiya, Lumana, Jamhuriya, Kishin Ƙasa. Duk kalmar kirki an yi mata rajista. Talaka ba ya riƙe baƙaƙen gaba. Suna yake riƙewa, da launin atamfa, da fuskar ɗan takara. To a 2020 fuska 30 kotun tsarin mulki ta amince da su, aka jera su duka a takarda guda mai faɗin dardumar yaro.

Wannan takardar ita ce sana'ata a kamfe. Sati uku ina yawo da samfurinta fada-fada, gida-gida, ina karantarwa kamar mai tafsiri. Ka zo da katinka mai hoto, a nemo sunanka a lis. Ka karɓi takarda ka shiga bayan labule kai kaɗai. Tawada iri biyu ce, kar ka haɗa su: ta bayan labule ta dangwale ce, ta kan tebur kuwa wadda ba ta goguwa ce, sai ka gama ake tsoma maka yatsa don kar ka zago ka sake. Dangwale sau ɗaya, tsakiyar gidan ɗan takararka. In ya hau layi tsakanin mutum biyu, ƙuri'a ta mutu. In ka yi rubutu ko ka yi wa wani gashin baki, ta mutu. Sai babban darasi, wanda nake ɗaga murya a kansa: kar ka naɗe takarda tawada na ɗanye. Ka hura, ka ƙirga goma, sannan ka ninke. In ba haka ba, yatsanka zai haifi ɗan'uwansa a gidan wani, ƙuri'a ta zama mai miji biyu.

Wata tsohuwa har ce mini ta yi: "Ɗan nan, kai ya kamata a ba CENI," wato hukumar zaɓe ta ƙasa. Na ce Allah dai ya kai mu, Inna.

Ranar zaɓe ƙarfe bakwai ina bakin aji, ko da yake sai takwas ake buɗewa. Mutum biyar ne a tebur: shugaban biro, wani malamin lakwal da kowa ke ce wa Mushe, sai sakatare da mataimaka uku. Aka nuna mana akwati biyu fanko, na shugaban ƙasa da na 'yan majalisa, aka ɗaure su da ƙulle masu lamba. Na rubuta lambobin a littafi, na sake rubuta su a tafin hannu, don delegen babbar jam'iyyar da ke gefena ya san ba da yaro yake zaune ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne hunturu. Wanda ya san Disambar Tahoua ya san yadda hannu ke tsagewa. Kafin in fito na lafta basilin kamar mai shirin shiga tanda, kuma kwalbar na aljihuna, ina ƙarawa duk awa. Wajen azahar layi ya ragu, na ce bari in sauke nawa nauyin. Amma delege ba ya son barin kujera, gani yake da ya juya baya za a yi ƙulle-ƙulle. Na faɗa bayan labule, na danna babban yatsa da ƙarfin mai kishin jam'iyya, na ninke, na jefa. Hurawa? Ƙirga goma? Wannan ai na almajirai ne.

Ƙarfe bakwai na yamma aka rufe. Aka kunna fitila, aka duba ƙulle, aka ƙirga waɗanda suka sa hannu a lis, aka ƙirga takardun akwati, lissafi ya yi daidai. Ɗaya na warwarewa, ɗaya na kiran suna, ana jan kara a allon yara, huɗu a tsaye na biyar a gicciye. Gidan wasu ya cika har ya tumbatsa. Namu fes, ko ƙuda bai sauka ba. Ban damu ba, na san uwargida da ƙanena da maƙwabta biyu duk a biron nan suka jefa, kuma duk sun ɗinka atamfarmu.

Can sai aka ɗago wata takarda mai tabo biyu. Daga inda nake na hango na sama, daram a gidan ɗan takarar delegen da ke gefena. Ya yi wuf ya ce: "Tamu ce, wancan na ƙasa datti ne kawai."

Na miƙe. Sati uku nake jiran wannan lokacin. Na ce alama biyu ƙuri'a matacciya ce, ko ta uban wa. Na kawo misali, na buga tebur, fitila ta yi rawa. Mushe, mutumin kirki, ya kara takardar kusa da haske ya ce: "Malam, ka dai matso ka duba. Kamar ta ƙasan ce ta asali."

"Mushe, ba sai na duba ba. Doka ba ta da ƙasa ba ta da sama. Kuma duk wanda ya yi wannan aikin, jahili ne da bai zo karatuna ba. A sa ƙorafina a PV," wato takardar rahoton biro.

Aka soke ta, aka rubuta. Sai aka zagaya da ita kowane delege ya gani, ta iso hannuna. Tabon ƙasa yana gidan ɗan takararmu. Kewaye da shi ga da'irar maiƙo, takarda har ta yi shara-shara kamar wadda aka ƙunshe ƙosai. Tsakiyar tabon kuma ga farin layi a gicciye, daidai inda wuƙar layya ta yanke ni shekarun baya. Na sa babban yatsana cikin aljihu, bai sake fitowa ba sai da za a sa hannu.

Da aka gama, Mushe ya karanto sakamako mutum 30 ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kanmu ya yi gyaran murya, ya ce "sifili" a hankali, kamar mai isar da ta'aziyya. Kowane delege ana ba shi takardar sakamako ya kai wa jam'iyyarsa, sauran su bi ta hukumar zaɓe ta gari har CENI a Yamai. A can Mohamed Bazoum ya tashi da kusan kashi 39, Mahamane Ousmane kusan 17, suka tafi zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021. Ni kuwa tawa takardar gidan Alhaji, shugabanmu na jiha, ta nufa.

Ya juya ta gaba da baya, ya cire tabarau ya goge.

"Sifili?"

"Ranka ya daɗe, unguwar ce da wuya."

"Na ji unguwa. Kai fa? Jika biyar na ba ka, har da kuɗin shinkafa. Ko kai ma can ka yi?"

Na ce sirrin ƙuri'a ne. Ya ce in gaida gida.

Na tarar da uwargida tana ninke wanki, atamfar jam'iyya ce ma a hannunta. Na tsaya a kanta na ce: "Ke, tsakaninki da Allah, wa kika zaɓa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, fuska talatin ce fa, kuma a hoton ya sake hula. Amma dai na hura, na ƙirga goma."